Yadda Na Zaɓi Miksa Mai Kwano da Kuɗin Adashina

Saura kwana tara a ɗauki azumin shekarar 2024 ƙaramar miksata ta hannu ta ƙone, ina tsakiyar kwaɓin donat ɗin da maƙwabciyata ta ba ni aikinsa domin walimar saukar ɗanta. Sautinta ne ya fara canzawa ya koma kamar nishi, sannan 'yan ƙugiyoyinta biyu suka riƙa juyawa da ƙyar a cikin kwaɓin, kuma kafin in kai ga kashe ta warin ƙonanniyar waya ya cika kicin, wani siririn hayaƙi yana fitowa ta ramukan shan iskarta. Na zare ta daga soket na ajiye a bakin taga, na ƙarasa murza fulawa kilo biyu da hannu har kusan ƙarfe sha ɗaya na dare. Shekara huɗu ta yi tana mini aiki, kuma ban ga laifinta ba, domin an ƙera ta ne don buga ƙwai da haɗa kwaɓin kek mai laushi, ni kuwa tun da aka fara kawo mini aikin donat da burodi na ɗora mata komai.

A gida nake yin kek da donat da mitfai da cincin, a nan Kano, na 'yan biki da masu suna da masu kai gara. Kuɗin da ke hannuna a lokacin shi ne kwasar adashin da muke yi mu goma sha biyu, kowa naira 10,000 a wata, wato naira 120,000. Da shekara biyu baya ne da wannan kuɗi ya sayi abin da ya fi haka nesa ba kusa ba, amma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta yi ta hawa har ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024, duk wani kayan wuta da ake shigowa da shi kuma ya bi ta. Na yanke shawarar ba zan ci bashi ba, kuma ba zan taɓa jarin fulawa da sukari ba, don haka dole abin da zan saya ya tsaya a cikin wannan kuɗin.

Duk macen da ke kallon bidiyon masu yin kek a intanet ta san miksar nan mai zagayayyen kai ta kamfanin KitchenAid, wadda aka fara sayar da irinta ta gida a Amurka tun 1919, kuma siffar da aka san ta da ita yau ta samo asali ne daga samfurin 1937. Ni ma ita ce a raina, sai dai farashin sabuwarta ya ninka abin da ke hannuna sau da yawa. Ana cikin haka wata mai sayar da kayan kicin na tokumbo ta turo mini hoton wata ja a WhatsApp, a kan farashin da na ga in na matsa zan iya kaiwa. Na nuna wa maigidana ina murna, shi kuma bai ce komai ba sai cewa ya yi in roƙe ta ta kifa miksar ta ɗauko mana hoton rubutun da ke ƙarƙashinta. Da hoton ya zo sai ga 120V da 60Hz a rubuce. Wutar Amurka ke nan, tamu ta Nijeriya kuwa 230V ce a kan 50Hz, wanda ke nufin in aka soka ta kai tsaye a bango za ta ƙone nan take, sai an haɗa ta da na'urar da ke rage ƙarfin wuta. Ko da na ƙara kuɗi na sayi wannan na'ura, gidana gidan yara ne da ƙanne masu taya ni aiki, kuma rana ɗaya tak ta isa wata ta manta ta soka a bango. Na ba matar haƙuri, na cire ta daga raina.

Wadda ta dawo da ni kan hanya ita ce Antin da ta koya mini yin kek. Na kira ta ina tambayar sunan kamfanin da ya kamata in saya, sai ta ce, “Ƙanwata, ki bar zancen suna tukuna. Ki ɗauko littafin da kike rubuta aikin mutane, ki duba na wata shida, ki ga me kike kwaɓawa, kuma fulawa nawa kike sawa a kowane zubi. Kwaɓin da ya fi tauri a cikin aikinki shi ne zai zaɓa miki miksa.” Na zauna da littafin a daren nan bayan yara sun kwanta, kuma abin da na gani ya sauya mini lissafi gaba ɗaya.

Aikin da miksa ke yi iri uku ne, kowanne da bakinsa. Akwai bugu, kamar na farin ƙwai da kirim, wanda ake yi da maburgin waya a kan gudu mai yawa, kuma ba ya gajiyar da inji. Akwai haɗa bota da sukari har su yi fari su tashi, wanda ake yi da baki mai faɗi da nake kira muciya, kuma a nan ne laushin kek yake, domin ƙwayoyin sukari ne ke huda botar suna cusa mata iska, iskar nan kuma ita ce ke buɗewa a cikin obin. Na uku shi ne murza kwaɓi mai yis da ƙugiya har danƙon fulawa ya fito, kuma shi ne mai kashe inji. Da na ƙirga sai na tarar mafi yawan aikina kek ne na fulawa rabin kilo zuwa kilo ɗaya, donat kuma kamar sau biyu a mako. Mitfai ba ya son murza ko kaɗan, da yatsu ake marmasa botarsa a cikin fulawa, in aka matsa masa ɓawonsa ya yi tauri. Cincin kuwa na Sallah da biki ne, kuma idan ya zo yakan kai rabin buhu, wanda babu wata miksar gida, mai tsada ko mai araha, da za ta ɗauka. Ashe abin da nake bukata bai kai girman abin da nake hange ba: miksar da za ta haɗa kek na kilo ɗaya cikin sauƙi, ta kuma murza donat na rabin kilo ba tare da ta galabaita ba.

Washegari na ɗauki ƙonanniyar miksata na kai wa wani dattijo mai gyaran fanka da bilenda da dutsen guga a bakin titin unguwarmu, ba don ina sa ran za ta tashi ba, sai don in san abin da ya kashe ta. Ya kwance ta a gabana a kan wani tsohon buhu, ya nuna mini wasu ƙananan giya biyu na farar roba da haƙoransu suka cinye suka yi sumul a gefe ɗaya, sannan ya ɗago kwayil ɗin, wanda wayarsa ta tashi daga jan ƙarfe ta koma baƙa ƙirin. Ya ce in kwaɓi ya fi ƙarfin inji, gudunsa yana raguwa, fankar da ke sanyaya shi ita ma ta rage gudu, alhali a daidai lokacin ne yake jan wuta fiye da kima, don haka zafi ya taru har ya narkar da rufin wayar. Na ce masa, “Baba, to ni yanzu mai kwano zan saya, kuma na ga wata a intanet an rubuta wat 2,000, ina ganin ita ba za ta ƙone ba.” Ya girgiza kai ya ce, “Hajiya, wat abin da inji yake ci ne, ba aikin da yake yi ba. Ɗan dako yana iya cinye malmala huɗu ya kasa ɗaga buhu, wani ya ci ɗaya ya ɗauka ya yi gaba.”

Wannan magana ta zauna mini, kuma da na koma na bincika sai na tarar da gaskiyarta, domin ita kanta KitchenAid ɗin da kowa ke yabo, samfurin Artisan mai kwanon lita 4.8 da ake sayarwa a Turai, wat 300 kacal aka rubuta mata. Ƙarfin murza yana fitowa ne daga yadda aka tsara giya su rage gudu su ƙara ƙarfin juyi, da kuma ingancin injin kansa. Dattijon ya ƙara nuna mini wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Ya buɗe kan soket mai baki uku irin namu ya zaro fis, ya nuna mini 13A da ke jikinsa, ya ce wannan shi ne mafi girma da ake sawa, kuma a kan wutarmu abin da zai iya ɗauka bai wuce wat 3,000 ba, saboda haka duk bilendar da na gani a kasuwa an buga wa kwalinta wat 8,000, lambar ta ado ce kawai. Ya ce in daina karanta kwali, in kifa na'ura in karanta ƙaramar takardar da aka manna a ƙarƙashinta, sannan in nemi littafin bayani in duba minti nawa aka yarda ta yi aiki a jere kafin a hutar da ita, wanda a wasu ake rubutawa da haruffan KB da adadin minti a gaba.

Na tambaye shi ko in guji duk mai giyar roba. Ya ce a kan kuɗina da wuya in sami wadda babu roba a cikinta, kuma robar ba aibi ba ce a kanta, domin har a cikin masu tsada akan sa giya ɗaya ta roba da gangan, don in kwaɓi ya cije ita ta karye ta ceci injin. Abin tambaya shi ne ko ana samun madadinta in ta karye. Ya ce in zaɓi samfurin da na gani a shaguna da yawa, ba wanda ya shigo kwantena ɗaya ya ɓace ba, domin wanda ya yawaita a gari shi ne ake samun matattunsa a ciro kayan gyara. Na biya shi kuɗin kwancewa, na bar masa tsohuwar ya amfana da abin da ya rage a jikinta.

Ranar uku ga azumi da safe, kafin rana ta buɗe, muka shiga kasuwar Sabon Gari ni da ƙanwata. A jakata akwai sulallan naira ɗaya da na ciro daga asusun yara, irin wanda aka fitar a 2007, da kuma 'yar takardar da na rubuta abin da nake nema. Shagon farko da muka tsaya, yaron shagon ya fito mana da wata mai kyan gani, farashinta bai kai rabin kuɗina ba. Da na duba sai na ga miksar hannu ce aka ɗora a kan mazauni, bakinta biyu ƙanana, kwanon ne ke juyawa a ƙarƙashi. Wato irin wadda ta ƙone mini ce aka yi wa kujera. Ga mai yin kek na gida sau ɗaya a mako wannan ta wadatar, kuma ba na raina ta, amma ni na riga na ga yadda cikin irinta yake komawa in aka haɗa ta da donat. Wadda nake nema ita ce mai baki ɗaya babba, wanda yake juyawa a kan kansa yana kuma zagaya kwanon ta ɗaya ɓangaren, kamar yadda duniya ke juyawa tana zagaya rana, ta yadda a kowane zagaye yana taɓa sabon wuri a jikin kwanon.

Irin waɗannan mun ga sun fi goma a layi biyu kawai, da yawansu jikinsu iri ɗaya sak, suna da launi ne kawai suka bambanta, wasu kuma an ɗauki sunan sanannen kamfani an sauya harafi ɗaya. Masu shaguna kowa da abin da yake tallatawa, wannan ya ce tasa lita bakwai ce, wancan ya ce tasa lita goma. Girman kwano yana ruɗar mai saye ƙwarai, ni ma ya so ya ruɗe ni, sai da na buɗe littafin wata mai babban kwano na ga fulawar da aka yarda a murza a cikinta ba ta wuce ta mai lita biyar ba, domin kwanon aka faɗaɗa, injin yana nan yadda yake. Babban kwano yana da wata illar kuma, wadda mai yin kek ce kawai za ta damu da ita, wato in za ki buga farin ƙwai biyu ko ɗan kirim na ado, sai su kwanta a gindin kwanon maburgi yana wucewa ta samansu.

A wani shago na wani Alhaji mai haƙuri muka daɗe. Na ce masa, “Alhaji, don Allah ina so a kunna mini guda uku in gani, kuma zan saya in na sami wadda ta yi mini.” Babu wuta a layin, amma ya sa yaronsa ya ja waya daga janareta. Ta farko na ɗaga ta da hannu ɗaya ba tare da wahala ba, kuma da aka kunna ta a kan lamba shida sai ta riƙa rawa a kan teburin duk da robobin da ke ƙafafunta. Na kulle kanta na kama shi na girgiza, sai na ji yana motsi sama da ƙasa kamar ƙofar da hinjinta ya saki, kuma kan da ke motsi babu komai a kwano, in ya haɗu da kwaɓi tsalle zai riƙa yi. Ta biyu ta fi ta nauyi, sai dai lambarta ta ɗaya gudu take yi sosai, wanda ke nufin duk ranar da na zuba fulawa sai ta watso mini ita a fuska, kuma murza kwaɓi mai yis a hankali ake yin sa. Kamfanin KitchenAid ma lamba biyu ya ce a tsaya a kai in ana murza irin wannan kwaɓi. Littafin wannan ta biyun kuma ya ce bayan minti huɗu a hutar da ita.

Ta uku ba ta da kyan sauran, fara ce sol babu ado, amma sai da na sa hannu biyu kafin na ɗaga ta. Takardar ƙarƙashinta ta ce wat 1,000, wuta 220 zuwa 240, kwanonta na silba lita biyar mai mariƙi, kanta kuma in ya kulle ba ya motsi. A nan na fito da sulallana. Dabarar na same ta ne daga shawarar da masu KitchenAid ke bayarwa ta jefa ƙaramin sulalla a gindin kwano, a sa muciya, a kunna a hankali, a ga ko tana ɗan tura shi gaba a kowane zagaye. In ba ta taɓa shi sam, ta yi sama da yawa, za ta bar bota da sukari kwance a ƙasa. In kuma tana jan sa tana kankarar kwanon, ta yi ƙasa da yawa. Kaurin sulallanmu ba ɗaya yake da nasu ba, don haka ban ɗauke shi ma'auni na ƙarshe ba, amma ya nuna mini bambanci a fili: a ta farko muciyar ko kusa da shi ba ta zo ba, a ta uku kuwa tana ɗan zungurar sa yana matsawa kaɗan-kaɗan. Wannan gwaji ya fi muhimmanci a kan masu araha, domin masu tsada suna da noti ko sukurun da ake ɗaga baki ko a sauke shi, waɗannan kuwa yadda suka fito daga kwali haka za a zauna da su. Alhajin ya tsaya yana kallo, ya ce, “Hajiya, shekarata nawa ina sayar da kayan nan, ban taɓa ganin wanda ya zo da kwabo ba.” Ya sa yaronsa ya matso ya gani.

Kafin in biya na ce bari mu ɗan zaga, kuma a zagayen nan ne na ga abin da har yau nakan tuna. A wani shagon kayan tokumbo akwai tsohuwar Kenwood Chef, irin wadda Kenneth Wood ya fara fitarwa a Ingila a 1950, jikinta ƙarfe, soket ɗinta irin namu, wutarta ma irin tamu, ga muciyarta mai siffar harafin K da notin daidaita tsayi a wuyanta. Farashinta ya yi kusa da na farar da na bari. Amma babu ƙugiya a tare da ita, kuma ƙugiyar ce dalilin fitowata, sannan da aka kunna ta sai na ji lamba ɗaya da lamba huɗu duk gudu ɗaya suke yi, alamar abin da ke sarrafa gudunta ya lalace. Mai shagon ya ce gyara kaɗan ne, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, sai dai ya ce in ta fita daga shagonsa ba ta dawowa. Azumi ya riga ya kama, aikin Sallah yana tafe, ba ni da kuɗin gyara da neman ƙugiya, ba ni kuma da makonnin jira. A ra'ayina, wadda ta sami irin wannan da bakunanta uku cikakku, aka kunna mata ta ji lafiyarta a kowace lamba, ta fi wadda ta sayi sabuwa mai araha dacewa. Ni dai ban same ta a haka ba, na koma wurin Alhaji.

Ya ce naira 125,000, na taya 95,000, ya ce albarka. Muka yi ta ja har ya sallama a 108,000. Na roƙe shi abu biyu, kuma duka ya yi. Na farko, a buɗe ainihin kwalin da zan tafi da shi a kunna wadda ke ciki, a sake gwajin sulalla a kanta, domin ba ta kan tebur zan kai gida ba. Na biyu, ya rubuta mini garantin wata uku da ya faɗa da baki a jikin rasit, da lambar samfurin. Canjin da ya rage na sayi ƙaramin sikelin kicin da cokalin roba mai laushi na kankare kwano. Sikelin ya zama dole, domin littafin miksar da giram yake magana, ya ce kada fulawar kwaɓi mai tauri ta wuce giram 800, ni kuwa duk shekarun nan da gwangwani nake awo, kuma gwangwanin da aka danna da wanda aka zuba sama-sama ba nauyinsu ɗaya ba.

Kek na fara yi da ita, bayan sallar asuba, domin a wannan lokaci na bazara zafin Kano yakan haura digiri 40 da rana, bota kuma in ta narke ta zama mai ba ta riƙe iska komai daɗewar bugu. Na sa bota da sukari, na kunna a lamba uku, na tsaya ina kallo hannuwana a sake, abin da ban taɓa samu ba a shekara huɗu. Cikin 'yan mintoci haɗin ya tashi daga rawaya ya koma fari-fari, ya ƙaru a ido. Na kashe na ɗaga kan, sai na ga wani siririn zobe na bota manne a saman bangon kwanon inda muciya ba ta kaiwa, da ɗan kaɗan a tsakiyar gindi, don haka na koyi tsayawa sau biyu in kankare da cokalin roba, sau ɗaya kafin ƙwai, sau ɗaya bayansa. Fulawa kuwa a lamba ɗaya nake zuba ta, da zarar farinta ya ɓace in kashe, domin inji ba ya gajiya kamar hannu, kuma in aka bar shi yana juya kwaɓin kek bayan fulawa ta shiga, danƙo zai fito kek ya yi tauri. Farin ƙwai uku ya tashi tsaf a kwanon, bayan na goge shi da lemon tsami don kada a sami ko ɗigon maiƙo. Bakunan na alminiyum ne, don haka da soso mai laushi nake wanke su in goge nan take, ba na barin su kwana a ruwa.

Donat shi ne jarrabawar gaskiya. Na auna fulawa giram 500, na yi amfani da ruwa mai sanyi saboda juyin ƙugiya kansa yana ɗumama kwaɓi, na fara a lamba ɗaya har ya haɗe, sannan na koma biyu. Kwaɓin yakan hau ƙugiyar ya naɗe yana zagayawa da ita ba tare da ana murza shi ba, sai in tsaya in sauke shi da hannu. Bayan minti biyar na taɓa saman kan na ji ɗumi, na kashe na rufe kwanon na ba ta minti goma, kuma na lura hutun nan yana yi wa kwaɓin kansa amfani, domin fulawar tana ƙara shan ruwa ta saki jiki. A zagaye na biyu na gutsuri kaɗan na ja shi tsakanin yatsuna a gaban taga, ya miƙe ya yi siriri har haske yana ratsa shi bai yage ba.

Sau ɗaya na saɓa wa littafin, saura kwana uku Sallah, aiki ya taru, na ce bari in haɗa kilo ɗaya da ɗan ƙari a zubi guda. Minti uku ba a yi ba kan ya fara ɗagawa yana bugawa, miksar ta soma tafiya a kan tebur har na dafe ta da hannu biyu, sannan ta yi shiru ɗif. Gabana ya faɗi, na tuna hayaƙin nan na watan jiya, na tuna kuɗin adashina. Na zare soket na kai hancina kusa da ramukan iska, ban ji ƙauri ba. Littafin ya ce tana da abin da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa, don haka na raba kwaɓin biyu na jira rabin awa ina addu'a, da na sake kunnawa ta tashi lafiya. Tun daga ranar ban ƙara wuce giram 700 ba.

Sha'anin wuta ma sai da na koyi zama da shi. Mita ba ta jin ta sosai, domin ko da a ce tana jan wat 1,000 ɗin cif, sai ta yi awa guda cur kafin ta ci yunit ɗaya, aikina kuwa na mintoci ne. Abin da nake tsoro shi ne wutar da ke zuwa rabi-rabi, kwan fitila ya yi ja, fanka tana juyawa da ƙyar, domin a irin wannan wuta inji ba ya samun ƙarfin juya kwaɓi, sai ya cije ya yi zafi. In na ga haka ba na kunna ta ko da aiki ya matse ni. Ƙaramin janaretanmu ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, yana ɗaukar ta a kan kek in an kashe firji, amma ba na haɗa shi da donat. Da hunturu ya shigo kuma sai matsalar ta juya, bota ta daskare kamar sabulu, kuma jefa ta haka a kwano yana iya karya giya kamar yadda kwaɓi mai tauri zai yi, don haka nakan yayyanka ta tun dare in rufe, in kuma ta ƙi sakin jiki in ɗora kwanon a kan ruwan ɗumi na ɗan lokaci.

Yanzu ta haura shekara a wurina. Wata na goma sautinta ya ɗan ƙara kaushi, na kai wa dattijon nan ya buɗe, ya ce haƙoran giyar suna nan da sauransu, man da ke ciki ne ya bushe, ya share ya sa sabo. Makon da ya wuce aka ba ni aikin donat na kamu, fulawa kilo huɗu, na raba shi zubi shida, na fara tun bayan la'asar, ina murza ɗaya ina yanka wanda ya tashi yayin da take hutawa, na gama kafin isha'i. Cincin ɗin garar bikin kuwa a babbar roba muka kwaɓa shi, ni da ƙannena biyu a kan tabarma a tsakar gida, miksar tana kan tebur a rufe da kyallenta.